Sukarin Bakin Zane

Awudu mijina taurin kai gare shi, kuma ba yau na fara faɗa ba. Da likita ya ɗora shi kan allurar insulin, aka ce duk Alhamis ya riƙa zuwa asibiti, ajin masu ciwon suga, inda wata nas take koya musu yadda za su kula da kansu. Sau ɗaya ya je. Ya dawo ya ce shi tela ne, ba ɗan makaranta ba. Ni Ikilima na rufe tukunyar kokona na riƙa zuwa a madadinsa, ina zaune cikin marasa lafiya da lafiyata lau.

A can na ji abin da ya ɗaure min kai. Nas ta ce allurar nan saukar da suga take yi, in mutum ya yi ta bai ci abinci sosai ba, sai sugan ya faɗi warwas. Zufa, rawar jiki, surutai, daga nan suma, daga suma sai abin da ba a fata. Maganinsa kuwa sukari, nan take. Tun ranar nake ƙulle ƙwayoyin sukari a bakin zanena.

Azumi ya zo. Nas ta ce kada ya ɗauka sai an duba shi. Malam Issah limaminmu ma ya ce Allah ya ɗauke wa marar lafiya. Awudu ya ce shi ba zai tauna abinci da rana duk unguwarmu ta Nima na kallonsa ba. Na yi faɗa har na gaji.

A goman ƙarshe ɗinkin sallah ya taru masa. Ran nan da sahur ya yi allurarsa cif, ya kurɓi koko kaɗan ya ture kwanon. Bayan azahar ina wanke gero a tsakar gida, sai na ji keken ɗinki ya yi shiru. Gabana ya faɗi, don keken Awudu ba ya shiru ana gab da sallah.

Na tarar da shi a shagonsa na ƙofar gida ya jiƙe sharkaf, hannunsa na ɓari, yana yi wa almakashi magana. Yayarsa Sanatu, wadda ta zo daga unguwar Maamobi karɓar ɗinkin jikokinta, tana yi masa fifita da kwali. Na kwance bakin zanena. Tana ganin sukari ta damƙe min hannu.

"Me za ki ba shi?"

"Yaya, sakar min hannu. Sugansa ne ya faɗi."

"Mai ciwon suga za ki ɗura wa suga? Da bakin azumi? Wannan cutar ce ta kashe mana uwa, ke kuma za ki ƙarasa min ƙane a gabana."

Maƙwabta suka cika ƙofa. Wannan ta ce iska ce ta taɓa shi, wancan ya ce a nemo tasi, alhali lungunmu ko amalanke da ƙyar take shiga. Ba wanda ya goya min baya, kowa bayan Sanatu yake. Ni kuwa idona na kan Awudu, kansa ya fara langaɓewa. Na tuna nas ta ce in ya daina haɗiya, an wuce wurin. Tsoro ya kama ni.

"Yaya, in ya mutu a hannuna ki kai ni wurin 'yan sanda da kanki," na ce. Ban jira amsa ba, na fizge hannuna na ture ta kan tulin yadi. Allah ya yafe min, ta girme ni nesa ba kusa ba.

Na tura masa ƙwaya ɗaya a baki. Ya kau da kai yana cewa, "Azumi nake." Na ce, "Tauna, ɗan taurin kai, tauna." Ya tauna ya haɗiye. Na ƙara masa, na sake ƙarawa. Muka tsaya cirko-cirko, Sanatu tana kuka tana kirana makashiya.

Can sai ɓarin ya lafa. Ya ɗago ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, ya lashi leɓensa.

"Ikilima, kin karya min azumi."

"Na karya. Ka kai ƙarata wurin liman."

Mutane suka watse suna mamaki. Na kawo masa tuwon da ya kwana, na juyo in ba Sanatu haƙuri, sai na ga har yanzu tana zaune kan yadin nan, ba ta ko gyara ɗankwalinta ba.

"Inna ma allura take yi," ta ce a hankali. "Ranar da ta rasu haka ta yi zufa. Ta ce a ba ta shayi da sukari, ni na hana." Ta dube ni. "Irin wannan ne, Ikilima?"

Ban sani ba, amma zuciyata ta ba ni irinsa ne.

"Kwana ne ya ƙare, Yaya," na ce.

Ta miƙo hannu ta ɗauki ƙwayar da ta rage a tafina, ta ƙulle a bakin zanenta, sannan ta tambaye ni ƙarfe nawa ake fara ajin ranar Alhamis.