Gaisuwar da Madam Rebeka Ta Hana

Madam Rebeka ta zo Tawa daga Maraɗi don koyar da rubutu da sadarwar zamani a jami'a. Ba ta da kowa a garin. Ɗaki guda ta kama a bayan kasuwar dabbobi, kuma in ta rufe ƙofa da la'asar, babu mai kiran sunanta sai washegari.

A makon farko ta buɗe wa ajinta zaure a WhatsApp. Kullum da safe saƙonnin murya ke shigowa. Yunusu, shugaban aji, ɗan Takanamat, shi ya fi kowa tsawaitawa.

"Madam, ina kwana? An tashi lahiya? Ina gajiya? Yaya baƙunta? Yaya mutanen Maraɗi?" Sai can ƙarshe ya tambayi ranar kawo aiki.

Tana sauraronsu tana dama koko. Ba ta lura cewa da muryoyin nan take karin kumallo ba.

Ranar da suka kai darasin taƙaita saƙo, ta kunna muryar Yunusu a gaban aji.

"Ku ji fa! Tambayar tana ina? Sai an bi ta Takanamat kafin a same ta."

Aji ya kwashe da dariya. Zuhura ta ce, "Madam, ai bai gaida awakinki ba, ya rage!" Yunusu ya yi murmushi yana kallon ƙasa.

"Daga yau, saƙo layi biyu," in ji Madam. "Wanda ya sa gaisuwa, zan rage masa maki."

Suka bi umarni, don ɗalibai ne masu ladabi. Wayar ta yi shiru da safe. Har a ƙofar jami'a, in sun gan ta ta sauka daga kabu-kabu, kai kawai suke sunkuyarwa su wuce, kada su ɓata mata lokaci.

Da damina ta faɗi, zazzaɓi ya kwantar da ita. Ta rubuta: "Babu darasi gobe. Ba ni da lafiya."

Amsoshi suka jeru, tsaf yadda ta koya musu. "An gani." "An gani, Madam." Ta ga alamar Zuhura tana ɗaukar murya, ta daɗe tana ɗauka. Madam ta tashi zaune, ta riƙe wayar da hannu biyu. Sai alamar ta ɓace, babu abin da ya shigo.

Da safe ta danna wurin murya da kanta.

"Ina kwananku? Kun tashi lafiya? Yunusu, yaya mutanen gida, an yi shuka? Zuhura, yaya inna?"

Ta ga sun saurara ɗaya bayan ɗaya. Sai da rana ta take Yunusu ya rubuto layi guda.

"Madam, wannan gwaji ne?"

Ta rubuta, "A'a, Yunusu. Gaishe ku nake yi." Ta ajiye wayar a kan matashi kusa da kunnenta, ta ƙara mata sauti.