Sarƙa a Tayoyin Baya

Tun kafin Fumie ta gama shan shayinta, mahaifinta ya fita duba motar sau ba adadi. Ya share dusar ƙanƙarar da ke kan gilashi, ya dawo ya zauna, ya miƙe, ya koma ya danna taya da farce, ya sake dawowa yana karkaɗe takalmi a bakin ƙofa. Dama Tokuji Kumagai ba mai zama wuri ɗaya ba ne, amma na yau ya fi na kullum, kuma kowa a ƙauyenmu ya san dalili. 'Ya'yansa biyu ne suka ƙulla shawara a bayan idonsa. Fumie za ta zo daga birnin Sendai ta zauna a gefensa, ya tuƙa ta zuwa asibitin da ke bayan dutse, inda uwarsu Haru take kwance tun kaka da shanyewar ɓarin jiki. In ta ga kuskure, sai ya kai wa 'yan sanda lasin tuƙinsa da hannunsa, kamar yadda tsofaffinmu suke yi. Bas kuwa ta daina shigowa tun bara. Tsohon da ba shi da lasin a nan, sai ranar da wani ya ga dama zai ga matarsa.

"Baba, zauna mana. Kana sa ni jiri."

"Ni da na ja gingimarin katako a kan dutsen nan tun ba a haife ki ba, yau ni za a yi wa jarrabawa."

"Wa ya ce jarrabawa ce? Mama na zo gani."

"To me ya sa yayanki yake ta bugo waya tun safe? Lafiyar tayoyina yake tambaya?"

"Ai su ma abin tambaya ne. Na tsohuwar motarka ne fa, hunturu nawa suka yi?"

"Roba ake dubawa, ba shekaru ba. In farce ya nutse, da sauran ranta. In ta yi tauri, ko zanenta na nan fes, zubar da ita. Tashi mu tafi, sama na ƙara haɗewa."

Ya ɗauki ledar tuffar da ya fere wa Haru, ya fita bai jira ta sa takalmi ba.

Motar 'yar ƙarama ce fara, wadda yaran suka saya masa da bazara suka raba shi da tsohuwar akori-kurarsa, wai ita wannan tana taka birki da kanta. Shi kuwa mai tsegumi yake kiranta, don ko layi ya ɗan taka sai ta yi ƙara. Yau bai ba ta abin faɗa ba. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu kamar ɗan koyo, yana rage gudu tun kafin kwana, yana satar kallon fuskar 'yarsa. Ita kuma ta kafe idonta a hanya, tana ji a ranta ta zama 'yar leƙen asiri a motar ubanta.

A gindin dutse allon hanya ya ce yau ba mai hawa sai da sarƙa a taya, ko da tayoyin hunturu gare shi. Wasu direbobi suka yi tsaki. Tokuji kuwa har da murmushi, an zo fagensa. Ya ratse gefe, ya ciro sarƙoƙin, ya warware su a kan ƙanƙara ba ko harɗewa. Ya durƙusa ya yafa ɗaya a kan taya, ya zura hannu ya maƙala ƙugiyar ciki, sannan ta waje. Ya zagaya ya yi wa ɗaya ɓangaren haka, ya matsar da motar kaɗan, ya dawo ya ƙara ɗaurewa. Wani matashi da ya riga su tsayawa yana can yana kokawa da tasa.

"Kin gani?" Tokuji ya ce yana haki. "Ki gaya wa yayanki Noboru wannan ma."

"Zan gaya masa," in ji Fumie, kuma har ga Allah ta ji daɗi.

Suka fara hawa. Kwanar farko lafiya lau. A ta biyu, inda hanya ta miƙe tsaye kuma manyan motoci sun goge ƙanƙarar ta zama kamar gilashi, motar ta tsaya cak alhali injin yana kuka. Tokuji ya ƙara totur. Hancin motar ya fara zamewa hagu a hankali, tayoyin gaba suna juyawa a banza, mai tsegumi tana ta ihu. Fumie ta damƙe hannun ƙofa. Ba su tsaya ba sai da gaban motar ya nutse cikin tulin dusar da ke jikin shingen ƙarfe. Bayan shingen nan babu komai sai kwazazzabo da kawunan itatuwa.

Can sai ga ham daga baya. Genzo ne mai sayar da tofu, wato awara, abokin Tokuji tun ƙuruciya, mutumin da bakinsa ba ya daskarewa ko a tsakiyar hunturu. Ya sauko ya zagaya motar, ya leƙa gaba, ya leƙa baya, ya riƙe ciki.

"Kai Tokuji! Wa ka ɗaura wa sarƙa a nan? Wannan ai da gaba take ja! Ka sa wa na bayan takalmi ka bar masu aikin ba ko silifa."

"Kawu Genzo, don Allah," in ji Fumie.

"Bar ni da shi, 'yata. Ya zaci gingimari ce. Ba a gaya maka ba ne, tsoho?"

Tokuji ya dubi sarƙoƙin da ke tayoyin baya. An gaya masa. Ranar da aka kawo motar mai sayarwa ya faɗa, shi ma ya leƙa ƙarƙashinta ya gani da idonsa. Kuma shi ne ya koya wa rabin direbobin kwarin nan cewa tayar da ke ja ita ake ɗaura wa sarƙa. Ba rashin sani ba ne. Hannuwansa ne suka tafi baya da kansu, inda suka saba zuwa duk tsawon rayuwarsa, kansa kuma bai ce musu uffan ba, har yana alfahari. Wannan ne ya ba shi tsoro, fiye da kwazazzabon.

Su uku suka tura motar baya, suka kwance sarƙoƙin suka mayar gaba. Yatsun Tokuji suka ƙi kama ƙugiya, sai Fumie ce ta durƙusa ta maƙala yana nuna mata. Genzo ya lura, ya haɗiye sauran tsiyarsa, ya shiga motarsa ya wuce yana ɗaga hannu.

Wayar Fumie ta yi ƙara. Ta duba, ta dubi mahaifinta, ta ɗauka.

"Yaya Noboru. E, muna kan dutse." Ta juya wa mahaifinta baya, ta sassauta murya, amma iska ta kawo masa komai. "A'a, ba komai. Lafiya lau yake tuƙi. Ka ga yadda ya ɗaura sarƙa kuwa? Ya fi samari sauri. A bar masa abinsa."

Ta kashe, ta goge hanci da bayan safar hannu. "Mu je, Baba. Mama na jira."

Abin da ya kwana yana fata ke nan, ga shi an ba shi kyauta. Ya tsaya riƙe da ƙofar direba, dusa tana taruwa a kan hularsa. Ya dubi hanyar da ta rage, kwana bisa kwana, da 'yar bas ɗin makarantar ƙauye da ke gangarowa a hankali da fitilu kunne. Ya jira har ta wuce. Sannan ya saki ƙofar, ya zagaya ta gaban motar, ya buɗe ɗaya ɓangaren ya zauna.

Kujerar tana nan yadda Haru ta matso da ita gaba saboda gajerun ƙafafunta. Gwiwoyinsa suka tokare, amma bai tura ta baya ba. Ya ɗora ledar tuffa a cinya.

Fumie ta daɗe a waje kafin ta shiga ta kama sitiyari.

"Totur kaɗan-kaɗan," ya ce. "Kada ki taɓa birki a cikin kwana."

Motar ta ɗaga, sarƙoƙin suna cizon ƙanƙara.

"Baba, jibi zan koma Sendai. Wa zai riƙa kawo ka wurinta?"

"Kalli hanya," in ji shi.