Keken da Na Saya wa Abak

Kwana goma sha tara da rasuwar Amak, mahaifiyata, na hango Abak, mahaifina, a tsakiyar hawan da ke bayan kasuwar garinmu Bukittinggi, ya sauka daga kan kekensa yana turawa. Ina cikin motar haya, shi bai gan ni ba. Mutumin da ya shekara talatin da shida yana sayar da kayan keke a ƙofar gidanmu, wanda yake tsokanar masu babur yana cewa ƙafafunsu na ado ne, ga shi ya dafa sirdi yana haki, gwiwa ta ƙi. Na kau da kai, don na san ba zai so in gan shi haka ba.

Gidan na Amak ne, kamar yadda ya kasance na uwarta, yanzu kuma ya zama nawa tunda ni kaɗai suka haifa. Abak shigowa ya yi da aure, da jakar tufafi da akwatin sifana. A al'adarmu, in matar mutum ta rasu, danginsa na wajen uwa sukan zo bayan arba'in su ɗauke shi zuwa gidan da aka haife shi. Wannan kam na sani. Sai dai ban taɓa zama a wajen da ake yi ba, don tun ina da shekara goma sha takwas nake Batam ina ɗinkin riguna a masana'anta, sai da sallah nake leƙo gida.

Da yamma na same shi a shago yana tsince boris, 'yan ƙwallayen ƙarfen nan na cikin tayar keke, yana rarrabawa a gwangwanayen madara.

Na ce, "Abak, da gaske Etek Nurbaiti za su zo bayan arba'in?"

Etek Nurbaiti ƙanwarsa ce, ita ke riƙe da gidansu a Koto Tuo.

Ya ce, "Za su zo."

"Kuma sai ka bi su?"

Bai ɗago ba. "Al'ada ce, Upiak. Gidan naki ne."

Upiak yake ce min tun ina goye, bai taɓa kiran Rosnida ba sai in zai yi faɗa. Na shige kicin na yi kukana, rabi baƙin ciki rabi haushi. Na ce a raina, wato ko ƙasar kabarinta ba ta bushe ba har ya ƙagu ya koma wajen 'yan'uwansa.

Da haushin ya huce sai na zauna na yi tunani. Koto Tuo kilomita takwas ce daga gidanmu, a jikin dutsen Singgalang, kuma fiye da rabin hanyar hawa ne. Da wannan gwiwar, in ya tafi ya tafi ke nan. Amma in da keke mai batir, kullum da safe zai gangaro ya buɗe shagonsa, mu ci abincin rana tare, da la'asar keken ya hau da shi. Al'ada ta samu nata, ni ma na samu ubana. Wallahi har murmushi na yi ni kaɗai, ina jin ba wanda ya kai ni dabara.

Da safe na kaɗa masa shayi da ƙwai yadda yake so, na gaya masa zan saya masa keken hawa.

Ya ce, "Keken hawa? Wane hawa?"

"Hawan Koto Tuo mana, Abak."

Ya ajiye kofin a hankali. Ya daɗe yana kallon kumfar da ke bakin kofin.

"To," ya ce.

"To kawai?"

"Kin yi tunani mai nisa."

Ni kuma na ɗauka yabo ne.

Ranar Asabar muka je shagon Hendri, wanda a da wajen Abak yake sarin tib da faci kafin ya koma sayar da kekunan lantarki. Yana hango mu ya miƙe yana tafa hannu, yana kiran Abak da sunansa cikin girmamawa.

"Pak Sutan! Yau ta ina rana ta fito? Ba kai ka ce keke mai batir na ragwaye ne da masu tumbi ba?"

"Har gobe ban janye ba," in ji Abak. "Ragwancin na samu, tumbin ne ka riga ni."

Hendri ya shafa cikinsa yana dariya, ya jawo wani ja mai sheƙi. Ni dai shi ya tafi da hankalina. Abak ya ɗaga bayansa ya juya tayar da hannu ɗaya, ya saurara.

"Injin wannan a cikin tayar baya yake. Kai shi Padang, bakin teku, inda ƙasa take a shimfiɗe. A hawan Koto Tuo kafin a kai masallaci na biyu ya yi zafi ya tsaya, in koma ina tura abin da ya fi ni nauyi."

"Haba Pak, ko jiya na sayar da uku."

"Allah ya ji ƙan gwiwoyinsu."

Ya zaga shagon yana taɓa wannan yana ƙwanƙwasa wancan, har ya tsaya a kan wani mai ruwan toka, mummuna, wanda injinsa yake wajen feda. Ya durƙusa da ƙyar yana duba cen ɗin da haƙoran giya. Ya ce wannan da giya yake aiki, in hawa ya yi tsanani sai ka sassauta masa, ya ja a hankali kamar shanun noma. Ya tambayi batirin, ya tambayi ko ruwan sama na shigarsa. Sannan ya dafa kariyar ya danna da ƙarfi.

"Kaya nawa take ɗauka?"

"Har buhun shinkafa, Pak."

Na ce, "Abak, duba birkin fa. Kullum da safe gangarowa za ka yi."

Ya ɗan matsa shi sau ɗaya. "Ba laifi."

Hendri ya ce ya gwada. Abak ya hau, ya nufi hawan da ke gefen shagon, wanda ko babur sai ya yi gurnani. Ina tsaye ina kallon bayansa yana tafiya sama ba ko tangaɗi, farar hularsa na ƙanƙancewa. Da ya dawo fuskarsa a sake take, rabon da in ga haka tun kafin ciwon Amak. Ya sauka, ya dube ni, sai fuskar ta koma yadda take.

"Yana hawa," ya ce.

Washegari ya fara fitar da kayan shago. Ya shimfiɗa leda a ƙofar gida ya jera tayoyi, sirada, fedoji, ƙararrawa, bawul a cikin kwalba, har da wasu madigadi da suka girme ni. Duk abin da mutum ya taya, sai ya ce ɗauka. Masu gyaran keke na gari suka yi ta zuwa da buhu.

Na ce, "Abak, in ka sayar da komai, me za ka tarar in ka gangaro?"

"Tsofaffin kaya ne, Upiak. Sun cika miki wuri."

Pak Jamaan mai burodi, wanda ya shekara ashirin yana kawo kekensa nan, ya zo neman robar birki. Abak ya haɗa masa da cen sabo da tib biyu ya ce ya ajiye saboda gaba. Tsohon ya riƙe kayan, ya dube shi, sannan ya juyo ya dube ni sama da ƙasa. Na gaishe shi, ya amsa a daƙile. Matan layinmu ma haka suka koma, gaisuwa a tsaitsaye. Na ce a raina, ku dai 'yan baƙin ciki ne, wace a cikinku ta taɓa saya wa ubanta ko takalmi?

Kwana biyu bayan arba'in, da hantsi, suka zo. Etek Nurbaiti ce da dattawa biyu da wata tsohuwa riƙe da tasar tagulla ta ganyen sirih, wanda ake taunawa a zaman al'ada. A kan babura biyu suka zo. Na ma yi mita a raina, na ce mutanen da suka zo ɗaukar mutum da kayansa ko mota ba su iya nemowa ba.

Aka zauna a kan tabarmi. A ɓangarenmu akwai Kawu Amrizal, yayan Amak. Aka miƙa sirih, aka tauna. Babban dattijonsu, wanda ake kira Angku don girmamawa, ya yi dogon jawabi, ya yabi Amak, ya yabi gidan, sannan ya ce sun zo neman nasu da ya daɗe a hannunmu, in masu gida sun yarda su tafi da shi.

Kawu Amrizal ya ce, "Gidan yana da mai shi." Ya juyo ya dube ni.

Abak yana gefe, idonsa a kan tabarma, yana jan wani zare da ya fito daga saƙarta.

Tun jiya na shirya maganata, don ba na so a ce zaman Batam ya sa na manta tarbiyya. Na gyara lulluɓina na ce, "Mun gode da kuka tuna da shi. Abak naku ne, ba za mu tsaya a gaban al'ada ba. Na ma saya masa keken da zai riƙa hawa da shi."

Tsohuwar ta sunkuyar da kai.

Dattijon ya yi gyaran murya. "Ko 'yar gida tana da sauran magana?"

Na ce, "Babu, Angku."

Ya jira. Ya dubi Kawu, Kawu ya dubi rufin ɗaki. Sai Abak ya miƙe, ya bi kowa ya ba shi hannu. Ya shiga ɗakinsu ya fito da jaka da akwatin sifana, ya ɗaure su a kariya da tsohon tib. Ya dafa kaina ya ce in riƙa kulle ƙofar baya, sakatarta tana zamewa. Ya hau ya tafi, dattawan suka bi shi a babur ɗaya.

Etek Nurbaiti ba ta bi su ba. Ta biyo ni kicin ta turo ƙofa.

"Ke wace irin 'ya ce?"

"Etek, me na yi?"

"Me kika yi? Ɗakin ma ban share ba! Kwandunan barkono ne a ciki har rufi. Kin ga mun zo da mota? Zuwa ake yi don kar duniya ta ce ba shi da dangi. Mu ce za mu tafi da shi, 'ya ta tashi ta riƙe hannun ubanta ta ce ba inda za shi. Sai mu sha shayi mu kama hanya. Sau biyu aka tambaye ki, Rosnida. Sau biyu!"

Na zauna a kan turmi. Kawu Amrizal yana bakin ƙofa. Na ce masa, "Kawu, don me ba wanda ya gaya min?"

Ya ce, "A gaya miki me? Gari duk ya ga kin kai shi ya zaɓi keken da zai hau da shi. Muka ce ta riga ta yanke, gidanta ne."

Washegari da sassafe na hau Koto Tuo. Na tarar da shi a barandar gidansu, an kwashe rabin barkonon an shimfiɗa masa katifa, warin yaji har waje. Keken yana jingine da bango an sa shi a caji. Na durƙusa na riƙe hannunsa, abin da ya kamata in yi jiya, na ce ya yafe min, ya taso mu koma.

Ya bar ni na yi kukana har na gaji.

"Na san ba ki sani ba," ya ce. "Da kika ce babu, na gane. Wanda ya sani ba ya faɗa da murya a sake haka."

"To me ya sa tun farko ba ka ce kana son zama ba?"

"Da wane bakin? Ni shigowa na yi, Upiak. Uwarki ce take riƙe da ni a gidan nan, ban taɓa roƙa ba."

"To yanzu ni na riƙe ka. Taso."

Ya girgiza kai. "An yi magana a gaban dattawa, an tauna sirih a kai. In na koma, sai a ce 'yan'uwana sun ɗauko ni sun kasa riƙe ni ko kwana biyu. Nurbaiti ba za ta ƙara ɗaga kai a garin nan ba." Ya zare hannunsa a hankali. "Zan riƙa zuwa. Ai kin saya min abin zuwa."

Na koma na roƙi Kawu, na roƙi dattijon nan, na roƙi Etek. Kowa ya tausaya, kowa ya ce a bari a ga abin da shekara za ta yi. Ban koma Batam ba. Ina nan ni kaɗai a gida mai ɗaki biyar, shagon a rufe.

Ranar Juma'a ta biyu na ji tsayuwar keke a waje. Na leƙa ta taga na gan shi yana kafe shi, ya sa farar riga ta zuwa masallaci. Ya tako har gindin matakala ya tsaya. Ya yi sallama, ya jira.

Na ce, "Abak, shigo mana, tsayuwar me kake yi?"

Ya cire takalmi ya jera su a gefe. Ya wuce kujerarsa ta kullum ya zauna a ta baƙi, kusa da ƙofa, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Na kawo shayi, ya ce an gode. Ya tambayi lafiyata, ya tambayi Kawu, na amsa. Can aka fara kiran salla daga masallacin layinmu. Ya ajiye kofin, ya dubi labulen da ke shiga cikin gida, ya dube ni.

"Upiak," ya ce, "ko zan iya shiga in yi alwala?"