Jitar da Barakatu Ta Shanya

Fara sol take ranar da Yahuza ya sayo jitarsa ta bes, mai kaurin muryar nan da yake kaɗa wa ’yan biki a Ƙanƙara. Shekaru suka ja, sai matarsa Barakatu ta lura farin ya soma komawa ruwan ƙwai. Ta ɗauka hayaƙin murhunta ne.

Da ya tafi girbi Mabai, ta yi wa jitar abin da take yi wa farar riga: ta goge ta da ruwan bula, kullum ta shanya ta bisa danga. Jita kuwa sai ƙara rinewa take, har ta koma kamar man shanu.

Yahuza ya dawo ya iske jitar cikin rana. Ya ɗauka, ya jujjuya ta, sai ya daka tsalle har hularsa ta faɗi.

“Barakatu, ai rana ce ke rina fentin! Kalar tsofaffin jita ke nan, na daɗe ina jiranta!”

Ta saki baki. Can ta dubi fuskarsa, ta tuntsire da dariya.

“To Maigida, kai ma hau dangar. Farin da jitar ta zubar duk ga shi nan a gemunka.”