Mai Ɗanɗana Burodin Farko

Shekara talatin mai gidan burodi yana ɗanɗana burodin farko kowace safiya kafin ya sayar. Sai 'yarsa, ma'aikaciyar ɗakin gwaji, ta auna jininsa.

"Baba, ƙwayoyin garkuwar jikinka sun fara faɗa da alkama. Ka daina ci tun hanjinka bai taɓu ba."

"Alkamar da na raine ki da ita?" ya ce a fusace.

Washegari ya gutsuro burodin farko, sai hannunsa ya kasa kaiwa baki. Ga 'yar tasa a bakin ƙofa da farar rigar aiki, ita nata jinin lafiya lau. Ya miƙa mata, ya zuba mata ido tana tauna.

"Gishiri ya yi kaɗan, Baba."

"Ja'ira! Gobe kada ki makara."