Ƙarfen Dutse

Likita Nasira ta shimfiɗa taswira a kan tabarma gaban dattawan ƙauyen Tinazaran, ta danne gefenta da kofin shayi. An zana jar da'ira kewaye da dutsen da Faransawa suka fasa bam ɗin nukiliya a cikinsa shekara hamsin da suka wuce. Duk ƙauyen da ya faɗa ciki, motar asibiti za ta riƙa zuwa masa wata-wata. Tinazaran kuwa tana waje, da tazarar yatsa huɗu.

Akhamuk maƙeri ya ƙura wa yatsun nan huɗu ido, ransa ya ɓaci. Matarsa Tekna ta shekara biyu da ƙullutu a wuya, kullum sai ramewa, ga asibiti tafiyar kwana biyu. Maƙeri kuwa a Tinazaran ba a hana shi magana, ko gaban wa.

"'Yata, wane mai hankali ya zana wannan? Ya taɓa ganin ciwo yana zagaye kamar jakin niƙa?"

"Baba, masana ne suka auna iska."

"Iska! To ƙarfe fa, sun auna shi?"

Dattawa suka juyo gare shi. Akhamuk ya ja rawaninsa har bisa hanci, don abin da zai faɗa bai taɓa fita bakinsa ba. Da sojojin Faransa suka tashi, yana saurayi, ya kora raƙuma uku zuwa dutsen, ya ɗoro wayar tagulla da fallayen ƙarfe. Ba shinge, ba mai gadi, ga ƙarfe mai kyau zube a ƙasa! Daga baya ya ji raɗe-raɗin cewa ƙarfen na ɗauke da gubar bam, tsoro ya sa ya kama bakinsa.

"Rabin ƙofofin garin nan aikina ne," in ji shi. "Kowacce na buga mata ɗigo uku, alamar gidanmu. In za ku tsine mini, ku bari sai an gama aunawa."

Nasira ta ɗauko na'urarta ta auna gubar bam, Akhamuk ya shige gaba. Tsoho mai ciwon gwiwa, amma ranar sai da likita ta haɗa da sassarfa. Ƙofar liman, na'ura ta yi ƙara. Murfin rijiya, ta ƙara tsananta. Garken awakin mai gari, har da shi. Bai manta ko ƙusa ɗaya ba, bai kuma tsallake gidansa ba.

Tekna na zaune a inuwa tana ɗinkin fata. Na'ura ta matso kusa da hannunta, sai na'urar ta ɓarke da kuka. Munduwar aurensu ce, ɗigo uku a jikinta.

Akhamuk ya durƙusa, ya ciro zarto. Hawaye na jiƙa rawani.

"Kai, tsoho, yanka mana," in ji Tekna. "Dama ta matse ni tun ranar farko, kunya ce ta hana ni faɗa."

Nasira ta koma kan taswira. Ta zaro jan alƙalami, ta ja layi daga dutsen har Tinazaran, ta sa hannu a ƙasa.

Bayan wata uku aka kwashe ƙarafan, motar asibiti ta tsaya a bakin rijiya mai sabon murfi. Jama'a suka yi layi, mata na guɗa. Mai gari da kansa ya ja da baya, ya ce matar maƙeri ce za ta fara shiga.