Ƙirgau da Motar Bayan Gada

A kamfanin motocin haya na cikin gari, babu wanda aka mayar abin dariya irin Ƙirgau. Sunan ma tsokana ce ta liƙa masa shi, don bawan Allahn nan ko gaisawa kuka yi sai ya sako lissafi a ciki. Karatun ƙididdiga ya yi, aka ɗauke shi aiki, sannan aka rasa abin da za a yi da shi, sai aka ajiye shi a wani ɗan ɗaki kusa da banɗaki, inda fanka ke juyawa kamar roƙonta ake yi. Da baƙin gashi ya shiga ɗakin nan, a ciki furfura ta same shi.

A wancan zamanin, in za a buɗe sabon layin mota ko a kafa tasha, Manaja ne zai shafa tumbinsa ya ce, "Jikina ya ba ni nan za ta karɓu." Shi ke nan, an gama bincike. In Ƙirgau ya ɗaga hannu ya ce, "Yallaɓai, da dai an fara ƙirga fasinjojin," sai Manaja ya dubi sauran ya ce, "Ku ɗebo masa tsakuwa ya je ya ƙirga, mu mu yi aiki." A kwashe da dariya, har da mai kawo shayi. Sannan ya rufe masa baki da maganarsa ta kullum: "Mutane ba lamba ba ne, Ƙirgau."

To, sai duniya ta juya. Masu zuba jari suka zo da babban aikin gyara layukan gari gaba ɗaya, suka ce su ba ruwansu da abin da jikin wani ya ba shi, alƙaluma suke so, a rubuce. Ku zo ku ga ikon Allah! Manajan nan dai, mai tumbin da ya san komai, shi ne ya wayi gari ba ya buɗe baki sai ya ce, "Me alƙaluma suka ce?" An ce har a gida, in matarsa ta ce gishiri ya ƙare, hujja yake nema.

Aka kwaso Ƙirgau aka hau da shi bene. Ofis mai sanyi, kujera mai juyawa. Masu ce masa Ƙirgau suka koma "Malam", har da ɗan rusunawa. Ya sayi sabon gilashi, tafiyarsa ta canza. Kansa ya ɗan kumbura kam, amma wa zai ga laifinsa? Mutum ya tsufa yana jiran a saurare shi.

Ya ɗebi ma'aikatan wucin gadi ya raba su tasha-tasha, kowa da ɗan abin dannawa a hannu, duk wanda ya hau mota a danna. Doka ɗaya ya kafa musu, ya kuma tsananta: a tsaya daidai gindin allon tasha, kada a gusa, don kada a ƙirga mutum sau biyu. Da aka gama, ya haska sakamakon a bango, zane-zane masu launi, kowane layi da sandarsa, wata doguwa wata gajera. Sandar layin bayan gada kuwa sai ka matso kafin ka gan ta. Ƙirgau da bakinsa ya ce motar nan iska take ɗauka, a soke ta. Aka yi tafi. Manaja ya rungume shi har gilashin ya karkace. Saura kawai masu jari su zo a zauna a sa hannu.

A bayan gadar nan yayarsa take, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, ta kuma yi ɗinki har idonta ya raunana don ya yi karatu. Yanzu ciwon suga ya cinye mata ƙafa ɗaya rabi, kuma da motar nan take zuwa asibiti a wanke mata gyambon. Ya sani sarai. Amma ya ce wa zuciyarsa mutum ɗaya ba ta canza lissafi, zai san yadda zai yi da ita.

Matarsa ce ta dame shi da gori, wai tunda ya hau bene ya manta hanyar gidan Yaya. Wata safiya ya shirya ya je. Ya wuce tashar unguwar, ga allo tsaye a tsakiyar rana, ba rumfa, ba inuwa, ko akuya babu. Ya gyaɗa kai, lissafinsa ya yi daidai. Yana shan kwana sai ya ja ya tsaya. Jikin doguwar katangar gidan katako, inda inuwa ta kwanta, mutane ne cunkus: mata da kwanduna, 'yan makaranta, leburori, tsofaffi a kan benci. Mota ta zo, ko kallon allon ba ta yi ba, ta tsaya a gabansu, ta cika har ƙofa ta ƙi rufuwa.

Yaya na gefe a kan 'yar kujerarta, tana jiran ta gaba.

"A'a, manyan gari! Yau ɓatan hanya ka yi?"

"Yaya, ina kwana. Dama a nan kuke hawa?"

"To a ina za mu hau? Can wurin ƙarfen? Ai sai dai a kwashi mutum a soye. Tun kafin ka yi aure a nan direbobi ke tsayawa." Ta gyara ƙafarta tana cije leɓe. "Kai, ka tuna min. Kwanaki wasu yara masu rigar kamfaninku suka zo suka tsaya a can kamar an dasa su. Tausayi ya kama ni, na aika musu ruwa, na ce su dawo inuwa. Wai maigidansu ya hana su gusawa. Wane marar imani ne wannan a wurinku, Auta?"

"Ma'aikata ne da yawa, Yaya," in ji shi, yana goge gilashin da ba abin da ya same shi.

Bai zame ko'ina ba sai ofishin Manaja. Ya rufe ƙofa, ya faɗi abin da ya gani. Ya ce a ba shi dama a sake ƙirgan layin.

Manaja ya jingina, ya yi wani murmushi irin na wanda ya daɗe yana jiran ranar. "Wato idonka ne ya ba ka? Ko jikinka?"

"Yallaɓai, kuskure ne a wurin tsayuwa..."

"Wa ya tsayar da masu ƙirgan a wurin?"

Manaja bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Malam, kai ka koya mana alƙaluma ba sa ƙarya. Na bi ka, na tuba, har a gaban baƙi na yabe ka. In ka tashi ka ce wannan da kuskure, za su ce sauran fa? Su tattara jakunkunansu su tafi, aikin ya rushe a kanka. Ni ba zan hana ka ba, bakinka ne. Amma ka san mutanen ginin nan. Dariyar da suka haɗiye tana nan a cikinsu, ba ta narke ba."

Ranar zaman, ɗakin taro ya cika. Shugabar tawagar masu jari, wata mace mai magana a hankali, ta bi sandunan nan ɗaya bayan ɗaya, har ta zo kan 'yar guntuwar. Ta ɗago ta dube shi.

"Malam, unguwa guda a ce ba mai hawa mota, abin ya ɗan ba ni mamaki. Ka gamsu da yadda aka yi ƙirgan?"

Ƙofar faɗin gaskiya ce aka buɗe masa har bango. Ƙirgau ya dubi teburin. Ga mai kula da direbobi yana danne murmushi, shi da ya fi kowa sanin inda motar ke tsayawa. Ga Manaja yana wasa da biro. Ya ji tsohuwar dariyar nan tana taruwa a maƙogwaronsu, kalma ɗaya take jira. 

"Na gamsu, ranki ya daɗe," ya ce. "An bi ƙa'ida."

Aka sa hannu.

Bayan an janye motar, ya ɗauki lokaci kafin ya iya taka gidan Yaya. Ya same ta a tsakar gida, ƙafar a miƙe kan tabarma, ta kumbura tana sheƙi. Babur ta gwada hawa zuwa asibiti, ya zubar da ita a kan gada, tun daga nan ba ta koma ba. Ya ce zai riƙa turo mata mota. Ta ce to, da irin muryar da ake ce wa yaro to.

"Ni kaina da sauƙi, ina da kai," ta ce. "Maƙwabciyata fa, mai kai kaya kasuwa? Yaran da ke tafiya makaranta a ƙasa fa? Wai an ce wani mai ilimi ne ya zauna a ofis ya ƙirga, ya ce babu mutane a unguwar nan. Babu mu, Auta! Ka san shi?"

"Ginin da girma, Yaya."

"Ba komai, Allah ya san shi." Ta ɗaga tafukanta sama. "Ya Allah, wanda ya shafe mu yana sane, kada ka ba shi kwanciyar rai. Yadda bai gan mu ba, ranar da yake neman a gan shi, ka kawar da idon kowa daga kansa."

Ta juyo, hannu a sama, tana jira.

"Kai, wane irin ɗan'uwa ne kai? Ina addu'a ka yi min shiru? Ka ce amin mana."

Ƙirgau ya ɗaga hannuwansa, sun yi masa nauyi kamar na wani.

"Amin," ya ce.